Inhelar da Mama Ta Kai Gaban Bagadi

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare na gane duk makarantarmu babu yarinyar da ta kai ni gudu. Ba cika baki ba ne, haka abin yake. Duk Laraba ake fitar da mu fili, malamin wasanni ya jera mu a bakin layi ya hura usur, ni dai kafin in ankara sai in daina jin ƙarar ƙafar kowa a bayana. Har 'yan aji uku.

Gudun bai taɓa ba ni wahala ba. Bayansa ne matsalar. Sai na gama, na tsaya, na dafa gwiwa, an gama tafi, kamar minti biyar ko goma haka, sannan ƙirjin ya fara rufewa. Tari ne ke fara zuwa, busasshe. Daga nan sai wani siririn fito ya riƙa fita daga maƙogwarona. Iskar ta shiga da ƙyar, fitar kuma ta gagara, kamar an ɗaure min ƙirji da igiyar guga ana ja. 'Yan ajinmu har tsokanata suke, wai Malam ya daina wahalar neman usur, ga ni nan.

A Hayin Banki muke, ɗaki biyu a gidan haya. Baba yana aiki a wani ofis a Doka, da sassafe yake fita ya kama mota a Kawo. Mama tana sayar da zannuwa a gida, amma in ka tambaye ta aikinta, zumuntar matan coci za ta ce maka. Ita ke ba da waƙa. Cocinmu ƙarami ne, yawancin mutanenmu sun daɗe da ƙaura zuwa ƙetaren kogi, mu da muka rage ba ma cika bencuna ran Lahadi. Wuri irin wannan, in kika yi atishawa ran Talata, ran Lahadi sai an yi miki sannu da mura.

Mama ba ta furta sunan ciwon. "Abin nan nata" take cewa. Ta ba ni zuma da tafarnuwa, ta ba ni ɗanyen ƙwai, matar malamin allo maƙwabcinmu ta aiko da habbatus sauda, shi ma na sha. Kuma shekara biyu cur, duk Juma'a Mama tana azumi a kaina. Wannan kam ba zan hana ta ba. Na sha ganinta tana buɗe wa mutane atamfa leɓenta a bushe. Ta yi wa Allah alkawari, ranar da ya ɗauke min abin nan za ta fito gaban jama'a ta yi godiya da bakinta.

Malamin wasannin nan ɗan cocinmu ne, yana cikin mawaƙa. Wata Lahadi bayan an tashi ya tare Baba a bakin ƙofa.

"Baba, yarinyar nan Allah ya ba ta ƙafa. Amma ni ba zan ƙara sa ta a layi ba sai likita ya gan ta. Ina tsoron ranar da za ta faɗi min a fili."

"Ai uwarta tana ba ta magani."

"Na ji warin tafarnuwar, Baba. A kai ta asibiti."

Haka aka kai ni, ni da Mama. Likitar mace ce, ba ta wani manyanta ba, Hausarta ta Zariya. Ta ba ni wani bututu mai lambobi a jiki, ta ce in hura da duk ƙarfina, ta rubuta. Sai ta ce in fita in zagaya wurin ajiye motoci da gudu sai na gaji. Mama ta zaro ido. Na je na yi, masu gadi suna kallona kamar wadda ta zautu. Na dawo na zauna, ita kuma ta ci gaba da rubutunta tana duba agogo. Can sai fiton ya fara. Ta ce to yanzu sake hurawa. Na hura, abin ko kusa da na farko bai je ba.

"Asma ce," in ji ta.

Mama ta ce, "Ba rabonmu ba ne."

"Amin, Mama. Amma tana da ita. Ki matso ki gani."

Ta ajiye inhela biyu, abin fesa magani a baki a shaƙa, a kan tebur, ɗaya shuɗiya, ɗaya ruwan ƙasa. Shuɗiyar ta ce ta gaggawa ce, in abin ya taso a shaƙa, kuma in riƙa shaƙarta kafin in fara gudu. Sai ta ɗaga mai ruwan ƙasar.

"Wannan ita ce maganar. Hanyar numfashin 'yarki a kumbure take daga ciki, ko tana dariya, ko tana barci. Gudu taɓa kumburin kawai yake yi. Wannan ke saɓe shi, amma a hankali. Ba yau za ki ga aikinta ba, ba gobe ba. Safe da yamma, kullum, ta kuskure baki in ta gama. Ki ji ni da kyau, Mama: za ki ga kamar ta warke. To a lokacin ne ba a dainawa. Ni zan ce a rage, in lokaci ya yi."

"Likita, an ce wanda ya fara shaƙar abin nan ba ya rabuwa da shi."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutanen nan su zo su zauna a kujerata mana, ni ma in huta."

Mama ba ta yi dariya ba. Likitar ta ɗauko robar ruwa da babu komai a ciki, ta nuna mana yadda za a huda gindinta a cusa bakin inhelar, ni kuma in sa bakin robar a bakina in ja numfashi, don maganin ya sauka ƙirji maimakon ya tsaya a harshe. Baba ne ya huda min tawa da wuƙa mai zafi. A kan taga take zama.

Sati biyun farko babu wani canji. Mama tana kallona ina shaƙar roba tana taɓe baki. Ni ma na fara tunanin wasa ne. Sai wata Laraba, wajen sati na biyar, na gama zagaye fili, na tsaya, na dafa gwiwa ina jiran abin. Na jira. Na sake jira. Shiru. Na miƙe na ja iska har ƙasan cikina, ta shiga ta fito, ba fito, ba tari. Ban taɓa sanin haka sauran mutane suke numfashi bayan gudu ba. Ashe kyauta suke samu.

Malam ya ƙaraso yana kallona. "Ina usur ɗin?"

"Ya ɓata, Malam."

"Kada ki nemo shi."

A wasannin gidaje na makaranta na ci tsere uku a rana ɗaya. Mama ta zo da ƙawayenta biyu na zumunta, suna ƙarƙashin rumfa suna guɗa. Da na gama na ƙarshen ta rugo ta kama ni, ta sa kunnenta a ƙirjina a gaban kowa, ta daɗe tana saurare. Da ta ɗago hawaye take. Ta ce, "Ya amsa."

A ranar Malam ya gaya mana akwai gasar makarantu a babban fili na cikin gari nan da wata biyu. A tseren mita ɗari huɗu, wadda ta zo ta ɗaya da ta biyu za a ɗauke su sansanin horo a dogon hutu, daga can kuma ake zaɓar yaran da za a kai makarantar kwana ta 'yan wasa. 'Yan ƙasa da shekara sha huɗu ake nema. Ni ina sha uku da 'yan watanni. Wato bana ne kawai, baɗi na wuce. Tun daga ranar ba na tunanin komai sai wannan.

Lahadin da ta biyo baya Mama ta cika alkawarinta. A cocinmu in mutum zai yi godiya, ba ya fita shi kaɗai. Daga bayan coci ake tasowa da rawa, 'yan uwa da abokan arziki suna biye, matan zumunta da ankonsu suna kaɗa tulu, a tafi a hankali har gaban bagadi, a zuba abin da aka kawo a babban kwanon baiko. An ɗinka min sabuwar riga. Baba yana riƙe da zakara, wata tana ɗauke da doya. Mama tana gaba tana ba da waƙa, da wata baƙar leda a hannunta. Na ɗauka kuɗi ne ko kayan miya.

Ta karɓi makirfo ta ba da shaida. Mama ta iya magana. Ta faɗi azuminta, ta faɗi yadda nake faɗuwa bayan gudu, ta faɗi tsere ukun da na ci. Sai ta kwance ledar ta ɗaga inhela biyun sama.

"Sun ce 'yata ba za ta rabu da wannan ba. Ni kuma na ce ina da Likitan likitoci. Yau na kawo masa kayansu. Gidana ba ya buƙatarsu kuma!"

Ta jefa su cikin kwanon. Cocin ya ɗauki guɗa. Tsofaffi suna shafa kaina, wata ta ɗaura min ɗankwalinta a wuya. Gaskiya zan faɗa, na ji daɗi. Ina ta murmushi. A raina na ɗauka irin abin nan ne da ake yi don a nuna, in an tashi a dawo mana da kayanmu.

Litinin da safe na je taga. Ko robar babu.

"Mama, maganina fa?"

"Wane magani? Ba kya wurin jiya?"

Baba yana ɗaure igiyar takalmi. Bai ɗago ba ya ce, "Likitar nan fa kin ce ta ce kada a daina."

"Likitar ce ta yi min azumin? Ka ga yarinyar nan da idonka ta ci tsere uku. Ko sai Allah ya rubuto maka takarda?"

"Ni dai na faɗa."

"To ka faɗa. Za ka rasa mota."

Ya fita.

Ran Talata da la'asar sai ga matar fasto ta yi sallama. Dattijuwa ce, ta taɓa aikin jinya kafin ta yi ritaya, duk muna ce mata Mama Fasto. Bayan sun gaisa ta zaro baƙar ledar nan daga jakarta ta ajiye a kan tabarma.

"'Yar uwa, masu haɗa baiko sun kawo min wannan. Shaidarki ta yi kyau, Allah ya karɓa. Amma ki mayar wa yarinya kayanta. Wanda ya ji addu'arki shi ya ba likita sani. Ba kishiyoyin juna ba ne."

Mama ta ja ƙafarta baya kamar ledar za ta cije ta.

"Haba Mama Fasto. Abin da aka miƙa a gaban bagadi yana dawowa gida? Zakaran ma ki dawo min da shi mana."

"Zakara daban. Wannan magani ne. Babu wanda zai sani."

"Ni zan sani. Shi ma zai sani." Ta nuna sama.

Sun daɗe suna yi, murya ƙasa-ƙasa. Ni ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa, idona a kan ledar. Taku uku ne tsakanina da ita. A ƙarshe Mama Fasto ta mayar da ita jaka, ta miƙe, ta dafa kaina ta ce in na ji wani abu in zo wurinta. Ban taɓa zuwa ba. Gidansu a harabar coci yake, duk wanda ya shiga an gan shi.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne, sati biyu bayan nan lafiyata ƙalau. Ina gudu, ina numfashi, babu komai. Maganin da na riga na shaƙa ne bai gama sakin jikina ba, amma wa ya san haka a gidanmu? Kullum na dawo Mama ta tambaye ni, in ce lafiya, ta kalli Baba ta ce, "Ka ji ko?" Ni kaina na yarda na warke. Mata suka fara kawo mata yaransu masu tari ta yi musu addu'a a tsakar gidanmu.

A sati na uku tarin ya dawo. Kaɗan tukuna. A na huɗu fiton ya biyo shi. Na koyi dabara: da an gama atisaye sai in ce fitsari nake ji, in zagaya bayan banɗakin makaranta in tsuguna, in dafa bango, in jira ya sake ni. Wani lokaci rabin awa. In wanke fuska in fito. In Malam ya tambaya in ce cikina ne. A hanyar gida, ta Unguwar Kanawa nake bi, akwai wata inuwar mangwaro kusa da mai faci, nan nake ƙarasa hutawa don kada in shiga gida da sauran fito a ƙirji.

Sau ɗaya na gwada gaya mata. Tana tuƙa tuwo.

"Mama, ƙirjina ya fara..."

Ta juyo da muciya a hannu. Ba faɗa ta yi ba, tsoro na gani a fuskarta.

"Kul. Kada ki buɗe wa Shaiɗan ƙofa da bakinki. Gwaji ne. Ce na warke."

"Na warke."

"Da ƙarfi."

"Na warke, Mama."

Ranar gasa ta zo. Ban taɓa ganin fili mai layuka a zane ba sai ranar. An raba mu rukuni-rukuni, waɗanda suka yi gaba a kowane rukuni su haɗu a zagayen ƙarshe bayan kamar rabin awa. Aka harba bindiga, na fita. Wannan gudun har yau ina jin sa a cinyoyina. A kwanar ƙarshe na waiga, abin da Malam ya hana mu, na ga wadda ke bina tana can nesa. Na shiga ta ɗaya. Malam yana tsalle yana nuna wa wani agogonsa.

Na nemi inda zan ɓuya. Filin a buɗe yake ko'ina, babu bango, babu lungu. Ya kama ni a gaban kowa, kuma bai taɓa kama ni irin na ranar ba. Na durƙusa a kan ciyawa. Ina jin Malam yana cewa, "Ina inhelarki? Ke, ina inhelar?" Shi da yake tsaye cikin mawaƙa ranar da aka jefa ta a kwano. Ina ganin ya ɗauka an saya min wata. Wata malama daga wata makaranta ce ta rugo da shuɗiya daga jakarta. Aka kwantar da ni a ƙarƙashin rumfa ana min fifita da kwali. Daga nan na ji an kira zagayen ƙarshe a lasifika, na ji an kira lambata sau biyu, na ji an harba.

A keke mai ƙafa uku Malam ya kai ni asibiti, ya kira Baba, Baba ya kira Mama. Aka sa min abin shaƙa a fuska mai fitar da tururi har ƙirjin ya buɗe. Likitar nan ce dai ta zo. Ta duba katina ta dube mu.

"Yaushe aka daina?"

Mama tana kallon siminti. Baba ya ce, "Ya kusa wata biyu."

"Kun ga ta warke ko?"

Ba ta ɗaga murya ba, ta rubuta wasu sababbi ta miƙa wa Baba, ba Mama ba. Na cire abin fuskar na tambaye ta ko shikenan na daina gudu.

"Wa ya ce? Ki koma kan maganinki, nan da 'yan makonni ki fi da. Masu asma suna gudu har su ci kofi."

Washegari Lahadi ba a je da ni coci ba. Da suka dawo na ji Mama tana amsa wayar masu gaisuwa. "Rana ce ta buge ta. Ba ta karya ba ta fita, kin san yaran yanzu." Kowa ya ce ayya, Allah ya sawwaƙe. Duk sun sani. Malam ya gani, matarsa ita ce sakatariyar zumunta. Amma ba wanda ya furta, ita ma ba ta furta ba, aka bar maganar a kan rana da yunwa. Sabuwar inhelar kuwa aka ce a bayan ƙofar uwar ɗaki zan riƙa shaƙa, kuma ba ta bin jakata zuwa makaranta.

Ran Talata Malam ya kira ni ofis. Ya ce lokacin da na yi a rukunina ya fi na wadda ta zo ta biyu a zagayen ƙarshe. Ya je ya roƙi masu shirya abin, sun yarda su ƙara ni a jerin masu zuwa sansani, amma da sharaɗi: takarda daga likita, mai hatimi, da ta faɗi abin da ke damuna da cewa zan iya gudu. Ran Juma'a zai kai sunaye.

Ran Laraba Baba ya nemi izini a ofis ya kai ni. Likitar ta rubuta nan take. Na karanta a mota. Ta ce ina da asma, ina kan maganin shaƙa na kullum, kuma muddin ina shan sa babu abin da zai hana ni gasa. Layi huɗu ne. Da muka iso gida Baba ya miƙa wa Mama, don a gidanmu duk wata takarda, daga ta haihuwa har ta makaranta, a akwatinta take kwana.

Alhamis da yamma, bayan mun ci abinci, na ce ta ba ni in sa a jaka kada in manta.

Ta ɗauko ta, ta zauna a bakin gado, ta buɗe ta a cinyarta.

"Wa za ki ba?"

"Malam."

"Shi ya kai wa wa?"

"Masu gasar."

"Su sa a fayil. Shi kuma ya karanta, ya je gida ya gaya wa matarsa. Ran Asabar in shiga zumunta in ɗauki waƙa, ita tana zaune da biro tana kallona."

"Mama, ai kowa ya riga ya sani."

"Sanin ciki daban, takarda daban. Yanzu ba wanda zai iya tsayawa ya ce min ga abin da ya faru. In wannan ta fita, na zama matar da ta tsaya gaban bagadi ta yi wa Allah ƙarya. Matan da suka kawo min 'ya'yansu fa? In ce musu me?"

Baba yana zaune da rediyo a hannu. Ya rage murya. "Ki ba ta abinta. Maganar mutane kwana nawa ce?"

"Kai ofis kake tafiya. Ni ce a cikinsu."

"To ko a bari sai baɗi."

"Baba, babu baɗi. Na wuce shekarun."

Ya kalle ni, ya kalle ta, ya mayar da muryar rediyon.

Da ta hana ni ƙarfi da yaji, da na san abin da zan yi. Da na sace ta, ko in koma wurin likitar da ƙafata in karɓo wata. Amma ba ta hana ni ba. Ta ninke takardar ta ɗora a kan tebur, ta danne da kofi.

"Ga ta nan. Ba zan hana ki ba, kada gobe ki ce uwarki ta tare miki hanya. In kin ga gudun ya fi miki, ki ɗauka. Ni na saba da kunya, ba yau aka fara ba."

Ta juya ta fuskanci bango.

Juma'a da safe takardar tana nan inda ta bar ta. Mama tana tsakar gida tana dama kunu, idonta a kumbure, kuma na san azumi take, Juma'a ce. Ta zuba min a kofi, ta sa min suga fiye da kullum. Na shiga ɗaki na shaƙi maganina a bayan ƙofa, na kuskure baki. Na tsaya a gaban tebur ɗin da jaka a kafaɗa. Shekarata sha uku. Aka ɗora min coci guda a hannu ɗaya, ƙafafuna a ɗaya hannun, aka ce ni zan zaɓa.

Na fita na bar ta.

Malam yana jirana a bakin ofis da jerin sunayen.

"Kawo."

"Likitar ba ta ba mu ba, Malam. Ta ce ba zan iya ba."

Ya daɗe yana kallona. Shi ya kai ni asibitin, yana tsaye a bakin labule lokacin da ta ce masu asma suna cin kofi.

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce."

"Ko in zo gida in ga Mama?"

"A'a, Malam. Don Allah."

Ya ce to. Ya ɗora takardar a jikin bango ya ja layi a kan sunana, ya ce in tafi aji.

Ban ƙara shiga layi ba. Ba wanda ya hana ni, kawai duk Laraba sai in ce kaina ke ciwo, shi ma ya daina tambaya. Maganin ya yi aikinsa yadda likitar ta faɗa, cikin wata guda ƙirjina ya buɗe sarai, ina da numfashin da zan zagaya filin nan sau nawa ma, ina zaune a inuwa ina tsaron jakunkunan mutane.

An yi shekaru da wannan. Watan jiya na je gida na tarar da baƙuwa, wata ƙawar Mama daga ƙetaren kogi, ta zo da jikarta da ta ci tsere a makarantarsu. Ana ta yaba yarinyar. Mama ta nuna ni da haɓa.

"Wannan da kike gani, da ta fi ta. Barewa ce. Da ba don asma ba, da yanzu a talabijin kike ganinta."

Baƙuwar ta ce, "Ayya. Ciwo bai yi ba."

Mama ta ce, "Wallahi kuwa."

Na tashi na ɗauko musu ruwa.